Ina Aka Ajiye Labarin Ciwonmu? Wahalar Zaɓen Rumbun Bayanai a Yamai

A 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa duk yaron da bai kai shekara biyar ba za a duba shi kyauta a asibitin gwamnati, haka ma mai zuwa awon ciki. Tun a 2005 an riga an ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa. A 2012 mujallar likitanci The Lancet ta buga nazarin da Agbessi Amouzou ya jagoranta, wanda ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Marubutan sun sa magani kyauta cikin dalilan wannan nasara, tare da rabon gidan sauro da yaƙi da tamowa.

A cikin waɗannan shekarun ne kuma masu bincike na LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da aka kafa a Yamai a 2001, suke wuni a harabar ƙananan asibitoci suna rubuta abin da idonsu ya gani. Kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin mayar wa asibitoci ba sa zuwa a kan kari, takardun neman biya suna taruwa wata da watanni, kantar magani tana bushewa. Uwa ta kawo ɗanta a duba shi kyauta, a ƙarshe a miƙa mata takarda ta je ta sayo maganin a waje. Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde sun tattara wannan aiki, haɗe da na Mali da Burkina Faso, cikin littafin da kamfanin Karthala ya buga da Faransanci a 2014.

Duka labaran biyu gaskiya ne, kuma wanda bai san ɗaya ba bai fahimci ɗayan ba. Sai dai ba wuri ɗaya aka ajiye su ba. Ɗalibar da ke rubuta kundinta a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni, can Haro Banda, in ta buɗe PubMed za ta ci karo da na farko cikin minti biyu. Na biyun kuwa ɗan abin da aka taƙaita da Ingilishi kawai za ta gani a can. Gundarinsa yana cikin littafi, da mujallun Faransanci, da jerin rahotannin da LASDEL ke sakawa kyauta a shafinta. Ɗan uwanta da ke sashen nazarin zamantakewa, ƴan taku kaɗan daga ajinta, yakan yi akasin haka: ya haddace na biyun, bai taɓa leƙa na farko ba. Zaɓen rumbun bayanai, wanda ake ɗauka ƙaramin aikin ɗakin karatu ne, shi ke yanke wace Nijar ce mai bincike zai gani.

Ƙofar da kowa ke fara ƙwanƙwasawa

Ba laifi a fara da PubMed. Ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ne ke riƙe da shi, kyauta ne tun 1997, kuma yana ɗauke da bayanin maƙalu fiye da miliyan 35. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a ƙasar nan duk suna ciki. Akwai gwajin rigakafin gudawar yara da cibiyar Epicentre ta yi a Madarumfa, jihar Maraɗi, wanda aka buga a 2017. Akwai gwajin MORDOR na 2018, inda aka riƙa raba wa yara maganin azithromycin sau biyu a shekara a Nijar da Malawi da Tanzaniya, aka ga mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a ɓangaren Nijar, a jihar Doso, fiye da sauran ƙasashen biyu. Akwai shekarun aikin cibiyar bincike ta CERMES a kan sanƙarau, har da annobar 2015 da ta jijjiga Yamai. In tambayar ita ce ko magani yana aiki, ko mutum nawa cuta ta kama, a nan ake samun amsa.

Amma PubMed yana da tarko na musamman ga ɗan Nijar. Ka rubuta sunan ƙasar yadda Turawa ke rubuta shi, injin ba zai bambanta ta da Aspergillus niger ba, wani naman gwari baƙi da masana suka yi dubban rubuce-rubuce a kansa. Zai haɗo maka da yankin Neja Delta, da jihar Neja ta Najeriya, da kogin Kwara. Ɗalibi ya ga sakamako dubu-dubu ya yi murna, alhali mafi yawansu ba su da haɗi da ƙasarsa. Maganin abin yana cikin rumbun kansa. Akwai ƙamus na kalmomin da aka tantance, MeSH, inda Nijar ke da nata gurbi a matsayin ƙasa, kuma cibiyar Inserm ta Faransa ta daɗe tana fassara wannan ƙamus zuwa Faransanci, don haka wanda Ingilishinsa bai nuna ba zai iya nemo kalmar da ta dace kafin ya shiga. Sai a ƙara da sunayen garuruwa, Niamey, Maradi, Zinder, Tahoua, a haɗa su da OR, a kori naman gwarin da NOT. Darasi ne na rabin awa. Abin takaici shi ne yawan waɗanda ke kammala digiri ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

PubMed kuma sau da yawa taƙaitawa yake bayarwa, cikakkiyar maƙalar tana bayan ƙofar biya. Nan ne Hinari ke shigowa, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a Janairun 2002 tare da manyan kamfanonin buga mujallu, wanda yanzu yake cikin gungun Research4Life. Nijar tana rukunin ƙasashen da ba sa biyan ko dala. Sharaɗin shi ne ma'aikata ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba: jami'a, asibitin koyarwa, cibiyar bincike, ma'aikatar gwamnati. Mai kula da ɗakin karatu ne ke riƙe da kalmar sirri. Wanda ke aiki a tsakanin lafiya da zamantakewa kada ya tsaya a Hinari kaɗai, domin ƙofar guda tana kaiwa ga AGORA, ɓangaren noma da abinci, da OARE, ɓangaren muhalli. Mai nazarin tamowa ba zai rabu da farashin gero ba, mai nazarin sanƙarau ba zai rabu da ƙurar bazara da iskar hunturu ba.

Ɗaya gaɓar kogin

Abin da aka rubuta kan yadda mutanen Nijar ke rayuwa da ciwo, yadda suke kiransa, wa suke fara kai wa kuka, me ke faruwa tsakanin ungozoma da mai naƙuda da tsakar dare, mafi yawansa da Faransanci yake, kuma rumbunansa daban ne. Cairn, wanda kamfanonin buga littattafai huɗu na Faransa da Beljiyam suka kafa a 2005, shi ke ɗauke da mujallu irin su Afrique contemporaine, Politique africaine da Sciences sociales et santé. Sababbin fitowa na kuɗi ne, amma da yawa daga cikin tsofaffin a buɗe suke. OpenEdition yana da Anthropologie & Santé da Cahiers d'études africaines. Persée yana ajiye tsofaffin fitowa da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi. Sai rumbun Horizon na IRD, cibiyar da ake kira ORSTOM kafin 1998, inda mai haƙuri zai tono rahotannin fili na shekarun 1960 da 1970 kan ƙauyukan da har yau suna nan.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan gaɓar shi ne yunwar 2005. Mujallun likitanci sun cika da labarin abincin gyaɗa na musamman da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi amfani da shi a Maraɗi wajen warkar da dubban yara ba tare da an kwantar da su ba. Ci gaba ne na gaske. Amma tambayar da ta fi ɗaure kai, wato yaya aka yi Maraɗi, inda ake noma da kasuwanci, ta fi yankunan makiyaya na arewa yawan yara masu tamowa, ba a ɗakin gwaji ake amsa ta ba. Amsar tana cikin littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007, da binciken ƙauye-ƙauye na LASDEL: ƙarancin gona, bashin hatsi, fitar da gero zuwa kasuwannin Najeriya, da raguwar abin da mata ke mallaka a hannunsu. Haka littafin Une médecine inhospitalière na 2003, wanda Yannick Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya kan mu'amalar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Duk wanda ya taɓa jiran layi a asibiti ya san abin da ke cikinsa. Wanda ya tsaya a PubMed ba zai san an rubuta shi ba.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da masu sayar da rumbuna ba sa son a faɗa. Masana zamantakewa da tarihi littafi suke rubutawa, rumbunan likitanci kuwa maƙalar mujalla suke ƙirgawa. Ɗauki yoyon fitsari. Maƙalun likitoci suna ba da adadin waɗanda aka yi wa ɗinki da waɗanda suka warke, kuma labarin da ƙungiyoyin agaji suka saba bayarwa shi ne na yarinyar da aka aurar da wuri, ta samu yoyo, miji ya kore ta, tiyata ta cece ta. Alison Heller ta bi mata 100 a cibiyoyin Yamai da na Danja, kusa da Maraɗi, ta fito da littafin Fistula Politics, inda hoton ya fi haka sarƙaƙiya: akwai manyan mata masu ƴaƴa, akwai waɗanda aurensu bai mutu ba, akwai waɗanda suka yi watanni a cibiya suna jiran likita, akwai waɗanda aka yi wa aiki sau da dama yoyon bai tsaya ba. Countless Blessings na Barbara Cooper, na 2019, tarihin haihuwa ne a wannan yanki tun zamanin mulkin mallaka. Irin waɗannan sai a rumbun JSTOR da makamantansa ake jin ɗuriyarsu, kuma JSTOR tun 2006 ya buɗe shirin da ya ɗauke wa jami'o'in Afirka kuɗin shiga. Mai neman kwanon rufi a Yamai kasuwar Katako yake nufa, ba ya ɓata ƙafa a layin masu atamfa sannan ya ce babu kwano a gari.

Rumbuna ma suna mutuwa. A 2019 aka rufe biyu da masu binciken lafiyar jama'a a Afirka ta Yamma suka dogara da su: BDSP na Faransa, da POPLINE na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya ƙware a kan haihuwa da tsarin iyali kuma yana tattara rahotannin da ba a buga a mujalla ba. Har yau akwai takardun koyarwa da ke aika ɗalibai can.

Iyakar da ciwo bai sani ba

Kuskuren da ya fi tsada, a ganina, shi ne mai bincike ya sa sunan ƙasa ya zama katangar bincikensa. Tsakanin Maraɗi da Katsina, tsakanin Birnin Konni da Sakkwato, tsakanin Damagaram da Kano, harshe ɗaya ne, aure ɗaya ne, abinci da al'adar jego ɗaya ne. Turawan mulki ne suka raba rubutun gida biyu, wannan da Faransanci, wancan da Ingilishi.

Ciwon zuciyar da ke kama mai jego ya isa shaida. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun bayyana yawansa a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. A Yamai, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun bi ciwon, a 1992 suka buga cewa matan da ya kama suna da ƙarancin sinadarin selenium a jini. Bayan shekaru, aikin Kamilu Karaye a Kano ya dawo da maganar selenium da talauci, ya kuma rage nauyin laifin da aka daɗe ana ɗora wa kanwa da ruwan zafi. Muhawara ɗaya ce, garuruwa uku suka yi ta cikin shekara arba'in. Ɗalibin Yamai da ya tace bincikensa da sunan Nijar kaɗai zai samu tsakiyarta, ba farko ba ƙarshe. Haka binciken Kelsey Harrison na haihuwa 22,774 a jere a asibitin Zariya, wanda aka buga a 1985, da littafin Hausa Medicine na Lewis Wall na 1988. Na Najeriya ne a takarda, amma ungozomar Tasawa za ta gane kowane shafi.

Don haka sunan al'umma ya kamata ya shiga akwatin nema tare da sunan ƙasa, kuma da duk rubutunsa: Hausa da Haoussa, Zarma da Djerma, Fulani da Peul. Rumbunan Afirka kuwa nan suke da amfani. AJOL, wanda aka fara a 1998 kuma ake gudanarwa daga Afirka ta Kudu, yana ɗauke da mujallu fiye da 500, kaso mafi girma na Najeriya ne. African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Afirka an kafa shi ne musamman don rubutun da manyan rumbuna suka tsallake. Ba shi da santsin PubMed, injin nemansa yana buƙatar haƙuri, amma akwai abin da sai a can. Likitocin Yamai da yawa suna bugawa a Pan African Medical Journal, mai karɓar Faransanci da Ingilishi, da Mali Médical, da Médecine d'Afrique Noire, da mujallar jami'arsu. Wasu daga cikin waɗannan PubMed ya san da su, wasu bai sani ba.

Alƙaluma

Lissafi yana da nasa gida. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke riƙe da ƙidayar jama'a ta 2012 da manyan binciken gida-gida kan lafiya da haihuwa na 1992, 1998, 2006 da 2012. Daga na 2012 ne aka samo adadin nan da duniya ta haddace, haihuwa 7.6 ga kowace mace, da cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18. An sake yin binciken a 2017, amma ba a saki bayanansa ba saboda shakku kan ingancinsu. Binciken ENAFEME na 2021 ya ba da 6.2. Duk da haka har yanzu ana cin karo da sababbin maƙalu masu kawo 7.6 kamar jiya aka auna, domin marubucin daga wata maƙala ya kwafo, ita ma daga wata. Wanda ya je shafin INS da kansa ya tsira daga wannan.

A Fabrairun 2025 Amurka ta yanke kuɗin da take ba shirin DHS, wanda ke ajiye ɗanyen bayanan waɗannan bincike na ƙasashe da dama, masu bincike a duniya suka shiga rububin sauke abin da za su iya. Ɗan Yamai bai buƙaci wannan darasi ba. Tun Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ya san cewa abin da ba ka sauke cikin kwamfutarka ba, ba naka ba ne.

Abin da ba ya cikin kowane rumbu

Google Scholar ne abokin yawancin ɗalibai, kuma ba zan raina shi ba. Shi ne ke haɗo Faransanci da Ingilishi, littafi da maƙala da kundin digiri, a shafi ɗaya. Aibinsa shi ne ba ya faɗin abin da ya tattara da abin da ya bari, kuma yana ɗora wanda aka fi ambata a sama, wato wanda aka rubuta da Ingilishi daga babbar jami'a. Scopus da Web of Science kuwa, waɗanda kuɗin shigarsu ya fi ƙarfin yawancin jami'o'in yankin nan, an fi son su don wani dalili daban. Ƙarin girman malaman jami'a yana bi ta CAMES, majalisar da shugabannin ƙasashe suka amince da kafawa a nan Yamai a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, kuma maƙalar da aka buga a mujallar da manyan rumbuna suka sani ta fi nauyi a ma'auni. Wannan ya sa ake kallonsu da kwarjini. Amma rumbun da ke auna darajar malami daban, rumbun da ke amsa tambayar mai bincike daban. In tambayar ita ce me ya sa matan wata unguwa ke haihuwa a gida alhali asibiti na kusa, Scopus ba shi da abin da zai ƙara a kan PubMed da Cairn da LASDEL wanda ya kai kuɗinsa.

Da za a tambaye ni inda ya kamata kuɗin ɗakin karatu su fara tafiya, zan nuna kantocin kundayen digiri. Babu likitan da ke fita daga jami'ar Yamai sai ya kare kundi a gaban malamai, kuma da yawa daga cikinsu ƙirga ne na marasa lafiya na gaske a Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde, da asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, da asibitocin jihohi. Ɗaliban nazarin zamantakewa da na labarin ƙasa suna rubuta nasu kan masu tallar magani a tire, da ungozomar gargajiya, da ruwan sha a unguwannin gefen gari. Ingancinsu ya bambanta, wasu ƙwarai, wasu sai a hankali. Amma su ne kaɗai shaidar da ke akwai kan abubuwa da yawa, kuma wanda ba a ɗora a intanet ba, injin nema ba ya ganinsa. Haka rahotannin ma'aikatar lafiya, da na ƙungiyoyin agaji da ke tattara kayansu in aikinsu ya ƙare, da tsofaffin fitowar Études Nigériennes a ɗakin karatun cibiyar IRSH. CAMES ta buɗe rumbun ajiyar kundaye mai suna DICAMES, sai dai rumbu irin wannan abin da jami'o'i suka zuba masa kawai yake da shi.

Tun Maris na 2025 kundin tsarin ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A fagen da muke magana, harsunan aikin nan biyu ne har yanzu ke riƙe da makullan, kuma mai binciken da ya iya ɗaya kawai rabin ɗakin yake gani. Hirarrakin da masu binciken LASDEL suka yi da marasa lafiya da ungozomomi, da Hausa da Zabarmanci aka yi su, aka fassara kafin a buga. Kundin da ɗalibar can ta Haro Banda za ta kare a bana, in ba a ɗauki hotonsa an ɗora ba, kwafi ƴan kaɗan za a ɗaure, wanda zai zo bayanta da tambaya iri ɗaya kuma sai ya haye gadar Kennedy da ƙafarsa zuwa jami'ar ya roƙi mai ɗakin karatu ya duba masa kanta.